Yadda ake daidaita taurin kibiyar kabon da bakan gargajiya

Abinda yafi cinye wa sababbin maharba kuɗi zarto ne. Mutum zai sayi kibau dozin guda ya yanke su duka rana ɗaya daidai tsawon jansa, sannan ya dawo yana ƙorafin wai bakan baya saiti, alhali kibau ne suka yi masa tauri, kuma abinda aka yanke ya tafi kenan.

Fara da lambar dake jikin kibiyar, 340, 400, 500, 600. Ana ɗora sandar ne kan matokara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, in ta lanƙwasa rabin inci to ita ce 500. Kaga kenan ƙaramar lamba tafi tauri. Kuma ƙarfin da aka rubuta jikin baka a jan inci 28 aka auna shi, in janka 26 ne ka cire kamar laba 4 zuwa 5 kafin ka duba jadawalin kamfanin kibau da ke nuna lambar da ta dace da ƙarfin bakanka. Ni dai ban yarda a sayi dozin tun farko ba, sayi biyar ko shida, ka barsu da tsawonsu yadda suka zo.

Uku ka liƙa musu gashi, biyu ka barsu tsirara amma da kai iri ɗaya, misali mai nauyin giren 125 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna kan kibiya da shi). Ka tsaya a mita 10, ka riƙe baka a miƙe ƙyam, kar ka karkata shi ko da haka ka saba, don karkacewa na cakuɗa hagu da dama da sama da ƙasa.

Sama da ƙasa ake fara gyarawa. In tsirarun suna sauka ƙasa da masu gashi, alamar da ka ɗaura a tsirkiya inda gindin kibiya ke zama tayi sama, ɗan sauko da ita. In suna sama, ɗaga ta. Wanda ya tsallake wannan duk abinda zai gani a gaba ƙarya ne.

To yanzu hagu da dama, kuma nan ne mutane ke ɓata kaya. Ga mai jan tsirkiya da hannun dama, tsirara ta faɗi hagu da masu gashi tayi tauri, ta faɗi dama tayi laushi. Bahago ya juya maganar. Amma don Allah inda suka taru zaka duba, ba yadda gindin kibiya ɗaya ya karkace a jikin abin harbi ba, saboda soson abin harbin kansa yana karkatar da ita, ballantana wanda yasha harbi ya rarake. Sai kaga mutum yayi harbi ɗaya yatsunsa sun fizgi tsirkiya, kibiya ta tafi dama, nan take ya ɗauko zarto. A'a. Ka maimaita sau da yawa, har washegari ma, in masu gashin naka basu taruwa wuri ɗaya to matsalar sakin hannunka ce, bar kibiyar ta huta.

In ka tabbatar laushi ne, zare abin gindin da ke kama tsirkiya, ka yanke kwatan inci ta nan baya, ka mayar ka sake harbi. Kwata kawai. Da injin yanka mai gudu ake yi, zarton ƙarfe na tsattsage kabon, kuma ka rufe hanci don ƙurar ba ta shaƙa bace. Ka tabbata akwai aƙalla inci ɗaya da ya wuce gaban baka in ka ja har ƙarshe.

In tauri ne ba yanka, ƙara nauyin kai, giren 145 ko 175, ko ka sa abin tagulla mai ƙara nauyi a cikin sandar ta wajen kai. Kawunan basu da tsada, shi yasa nake cewa a tara su kala-kala.

In tsirarun da masu gashin sun haɗu a mita 10, ja baya zuwa 20 ka sake. Na fi son a bar tsirarar da ɗan laushi kaɗan don gashi zai ƙara mata tauri. Daga nan yanke sauran daidai da ita, kuma duk kibiyar da ta bugi abu mai ƙarfi ka lanƙwasa ta kusa da kunne, kaji ƙas-ƙas to jefar da ita.