Yadda za ka jure aikin da ya ishe ka kafin ka samu mafita

Fara da lissafi. Haɗa kuɗin haya, cefane da kuɗin mota na wata ɗaya, ka ninka sau uku, shi ne abin da za ka tara kafin ka ajiye aiki. Ranar albashi cire kashi 10 cikin 100 ka zuba adashi. Mai jiran ƙarshen wata ba ya tarar da komai.

Idan maigidan mai sauya magana ne, lallaɓa shi ya turo umarninsa ta WhatsApp, ka adana. Kada ka yi ƙorafinsa gaban abokan aiki, kafin la'asar zancen ya kai kunnensa. Neman wani aikin kuwa da wayarka, ban da kwamfutar ofis.

Rashin barci ko ciwon kai in ya wuce mako biyu, je asibiti a auna jininka.