Darasi Na Tara: Baƙo Da Abincinsa A Garin Da Bai Sani Ba

A bara wata ɗalibar ajinmu, shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta samu takardar gayyata zuwa taron bita na kwana uku a Abuja. Da bakinta ta karanta mana takardar, tun daga kwanan wata har sa hannu, muka yi mata tafi. Da ta dawo muka tambaye ta labarin tafiya. Ta ce taro kam ya yi kyau, sai dai dare uku da biskit da ruwan leda ta kwana. Masu taro sun ba da shayi da safe, sun ba da abincin rana, da dare kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Ba ta san inda za ta dosa ba, ga kuma jin nauyin tambaya.

Abin ya tsaya mini a rai. Matar da kullum take sauke tukunyar mutum goma sha biyar, a ce ta kwana da yunwa a garin da kowane lungu akwai tukunya bisa wuta? Yanzu da yawa daga cikinku ana kiran ku tarurruka: sakatarorin ƙungiyoyin manoma, ungozomomi, shugabannin 'yan kasuwa, masu unguwanni. Wanda ya koyi karanta takardar gayyata ya kamata ya san yadda zai ci ya ƙoshi a inda aka gayyace shi, cikinsa lafiya, guzurinsa kuma ya kai shi ranar komawa.

Wa za a tambaya?

Da ɗan gari akan ci gari, amma 'yan gari iri-iri ne. Wanda nake so ku nema shi ne mutumin da yake cin abinci a wannan unguwa kullum, da kuɗin aljihunsa. Mai gadin otal. Direbobin da ke zaune gindin bishiya suna jiran iyayen gidansu su fito daga zauren taro. Matar da ke gyara ɗakuna. Ƙananan ma'aikatan ofishin da ya shirya taron, masu raba takardu da biro. Su ne suka san wace mai abinci ce ke da hannu, wace ce ke ɗumama miyar jiya, wace ce kuma ke ƙara wa baƙo kuɗi idan ta ji harshensa.

A Kalaba na koyi wannan. Daren farko na tambayi saurayin da ke karɓar baƙi a masaukinmu. Ya dube ni cikin babbar riga, ga katin taro rataye a wuya, sai ya kira mini tasi zuwa wani wuri mai na'urar sanyi da kiɗa. Ba da mugunta ya yi ba, ya ɗauka irin wurin da baƙo yake so ke nan. Na biya guzurin kwana biyu a zama ɗaya, ban kuma ƙoshi ba. Washegari bayan Azahar na tambayi wani dattijo da muka yi sahu ɗaya. Ya ce, "Malam, ba ka leƙa Bogobiri ba?" Bogobiri unguwar Hausawa ce a cikin Kalaba. Da magariba na tarar da tukubar masu tsire a jere, garwashi ya yi jajir, mai na ɗiga wuta na tashi, yaro na yanka albasa, maigidansa na barbaɗa yaji. Na ci na ƙoshi, na sha shayi, na koma da canji.

Kusan kowane babban gari yana da irin wannan unguwa. A Ibadan akwai Sabo, wadda aka kafa wa Hausawa tun 1916. A Owerri akwai Ama Hausa. A Legas akwai Agege da Idi-Araba da Obalende. A Yawunde ta Kamaru akwai Briketeri, wadda ta yi suna wajen tsire. A Akra ta Ghana akwai Nima da Sabon Zongo, kuma a can za ka ji sunayen abinci da kunnenka ya sani: koko da ƙosai da safe, tuwo zafi, da waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Hanya mafi sauƙi ta samun waɗannan wurare ita ce masallaci. Ka yi salla, ka gaisa da ladan, ka tambaya. Wanda yake Kirista ya tambaya a majami'a, musamman inda ake sujada da Hausa.

Sai dai a duba nisa. Legas gari ne na cunkoson motoci. Idan taronku a Ikeja ake yi, Agege ce kusa da kai. Idan a Ikoyi ne ko Victoria Island, Obalende ta fi kusa. Kada ka kashe kuɗin mota da ya fi kuɗin tuwon.

Karanta a bayyane

Mutum biyu su tashi, ɗaya ta zama baƙuwa, ɗaya ya zama mai gadi.

Baƙuwa: Baba, sannu da aiki.

Mai gadi: Yawwa Hajiya, sannu da zuwa. An zo lafiya?

Baƙuwa: Lafiya ƙalau. Baba, ni baƙuwa ce, taro muka zo. Kai a ina kake sayen abincin dare?

Mai gadi: Akwai wata mai tuwo a bayan gidan man can. Nan muke ci ni da direbobi.

Baƙuwa: Nawa take sa kwano da nama?

Mai gadi: Zan faɗa miki yadda muke saye, kada ki ba da fiye da haka.

Baƙuwa: Ƙarfe nawa take saukewa, ƙarfe nawa take tashi?

Mai gadi: Tana saukewa bayan La'asar. Kafin Isha ya ƙare.

Baƙuwa: Hanyar akwai haske? Mace za ta iya bi?

Mai gadi: Kafin magariba dai babu komai. In dare ya yi, ki bari in aiki yaro ya karɓo miki.

Baƙuwa: Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri.

Ku lura da tambayarta ta farko. Da ta ce, "Ina ne gidan abinci mai kyau?" da Baba ya nuna mata wurin manya, don girmama ta. Da ta ce "kai a ina kake saye", sai ya faɗi abin da ya sani da bakinsa da aljihunsa. Wannan 'yar tambaya ita ce zuciyar darasin yau. In da hali, a yi wa mutum biyu ita. Idan bakinsu ya zo ɗaya, an dace.

Direban tasi ma ana tambayar sa, amma a tuna cewa nisan tafiya ribarsa ce, wasu kuma suna da la'ada a inda suka kai baƙo.

Idan an isa wurin

An nuna maka wuri, saura idonka ya yi nasa aikin. Ka ɗan tsaya kafin ka zauna. Akwai mutane suna shiga suna fita? Inda ake ciniki, abinci ba ya kwana. Ka dubi tukunya lokacin da aka buɗe murfi: tururi ya tashi, ko miyar ta daskare, mai ya kwanta a sama? Sannan ka leƙa inda ake wanke kwanuka. A nan asirin mai abinci yake. Wata za ka ga roba uku, ta sabulu, ta ɗauraya, ta sake ɗauraya, ruwan garau. Wata kuwa roba ɗaya ce tun safe, ruwan ya yi kauri, ƙwayoyin shinkafa na yawo a ciki, ƙuda sun yi wa bakinta kawanya. Idan ka ga ta biyun, ka yi sallama ka wuce, ko wa ya turo ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki suna rasa rai. Shawararta ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin firiji ba. Wannan ya shafi har abincin da masu taro ke rabawa a robobi. Wanda aka ba ka da ƙarfe biyu na rana, kada ka ɓoye shi a jaka sai goma na dare. Ɗanyen latas da kabeji da aka zuba wa mayonis suna saurin lalacewa, ni kam a tafiya ba na taɓa su. Ruwa kuma a sha na gora ko na leda mai lambar NAFDAC, a duba ba a taɓa buɗe shi ba. A wanke hannu da sabulu da ruwan da aka zuba maka, ban da kwanon da kowa ya tsoma.

Abincin mutanen gari

Duk da na yabi zango, ba na so ku je gari ku dawo ba ku ɗanɗani abincin masu garin ba. Amala da miyar ewedu da gbegiri a Ibadan, gasasshiyar ayaba da kifi da ake kira bole a Fatakwal, miyar afang a Kalaba: abinci ne na mutunci, kuma abokin taro ɗan garin zai ji daɗi ƙwarai idan ka ce ya raka ka. Zumuncin da aka ƙulla a kan kwano yakan daɗe fiye da na cikin zaure.

Abu ɗaya ne: a tambayi nama. Wane nama ne, daga ina? Babu rashin kunya a wannan. A wasu wurare ana sayar da naman alade, ko na daji, ko na kare, kuma masu sayarwa ba sa ɓoyewa idan an tambaya. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ce a sa maka kifi ko ƙwai, ka tabbatar kuma miyar ba tukunya ɗaya ba ce da abin da kake gudu. Mai gyambon ciki ya faɗa tun farko a rage barkono, don miyar ƙasar Yarabawa ba ta wasa da yaji. Mai ciwon suga da mai hawan jini su riƙe ƙa'idar likitansu, tafiya ba ta ɗauke ta.

Waya

Mai babbar waya yana iya duba Google Maps. Ana ba gidajen abinci taurari daga 1 zuwa 5. Ka karanta lamba biyu: yawan taurarin, da yawan mutanen da suka bayar. Tauraro 5 daga mutum 3 bai kai tauraro 4 daga mutum 300 ba. Amma mai tuwon bayan gidan mai da wuya ta fito a waya. Idan masu taro sun buɗe zauren WhatsApp, ka tura saƙon murya ka tambaya. Za ka tarar ba kai kaɗai ke neman abokin fita ba.

Lissafi

A manyan gidajen abinci, kuɗin da aka rubuta gaban sunan abinci sau da yawa ba shi ne ƙarshe ba. Tun Fabrairun 2020 harajin VAT, wato harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan abin da aka saya, a Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne. Jihar Legas tana da nata harajin na kashi 5 cikin 100 a otal-otal da gidajen abinci. Wasu wuraren kuma suna ƙara kuɗin hidima.

A ce abinci naira 6,000 ne. VAT ya zama naira 450. Harajin Legas naira 300. Jimla 6,750. Idan an ƙara kuɗin hidima kashi 10, wato naira 600, za ka biya 7,350. Don haka kafin a kawo, ka tambaya: "Duka-duka nawa zan biya?" Ka karɓi rasit, ka karanta shi layi-layi, ka adana, don wasu masu taro sai da rasit suke mayar da kuɗi.

Idan ciki ya ɓaci

Ka sa ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, biyu ko uku a jaka tun daga gida, ana samu a kemis. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 shafaffe da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a dama, a riƙa kurɓa. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko amai ya ƙi tsayawa, a sanar da masu taro nan take a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Aikin aji

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka kula da ƙugiya: baƙo, ƙoshi, ɗanɗana, kuɗi, gurɓata.

2. Me ya sa baƙuwa ta ce wa mai gadi "kai a ina kake saye"? Amsa da jimla biyu.

3. An ba ka guzurin naira 24,000 na dare 3. Kuɗin mota zuwa wurin abinci da dawowa naira 1,500 ne kowane dare. Nawa ya rage maka na abinci a kowane dare?

4. A ce baƙuwa ta zo taro garinku, ta tare ki a ƙofar gida ta tambaye ki inda za ta ci abincin dare. Rubuta mata kwatance a takarda: sunan unguwa, alamar da za ta gani a hanya, lokacin da ake saukewa, da kuɗin kwano. A zo da takardar ranar darasi na gaba, kowa zai karanta tasa a gaban aji.