Yadda Ake Bin Sawun Sojan Ostareliya da Ya Mutu a Yaƙi: Misalin Jim Martin

Idan kana son sanin yadda wani sojan ƙasa na Ostareliya ya rayu, da inda ajali ya riske shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba sai ka yanki tikitin Canberra ba, waya da data sun isa. Ni da James Martin na bataliya ta 21 nake koya wa mutane wannan aiki, domin takardunsa suna kama mai garaje.

Fara neman lambar sojan kafin komai. Mutum sama da 400,000 suka shiga rundunar sojan Ostareliya a wannan yaƙi, masu suna ɗaya kuwa ba sa ƙirguwa. Namu 1553 ne. Da lambar a hannu, shiga RecordSearch, wato wurin binciken fayiloli a shafin gidan adana takardun ƙasar, ka nemi jerin B2455. Nan fayilolin sojojin suke, an ɗauki hotonsu shafi-shafi, kyauta.

Da farko za ka ci karo da takardar shiga soja. Karanta, amma kada ka hau kai ka zauna. Shekara 18 Jim ya ce yana da ita a Afrilun 1915, alhali an haife shi ranar 3 ga Janairu 1901 a garin Tocumwal. Yi lissafin da kanka: shekara 14 da wata uku. Wanda bai kai 21 ba sai da yardar iyaye, shi kuwa ya ce wa mahaifiyarsa Amelia in an hana shi zai gudu ya shiga da wani suna. Ta haƙura. Saboda haka duk shekarun da ka gani a wannan takarda, abin da yaro ya faɗa wa akawu ne, sai ka gwada su da rajistar haihuwa.

Daga nan koma shafin gidan tunawa da yaƙi na Canberra. Jerin waɗanda suka hau jirgi zai nuna maka Berrima, wanda ya bar Melbourne da shi zuwa Masar a ƙarshen Yuni. Sannan buɗe kundin da kowace bataliya ke rubutawa kullum. Kada ka sa ran ganin sunan kurtu a ciki, hafsoshi aka fi ambata. Amfaninsa shi ne sanin inda ƙafarsa take kowace rana. Ranar 2 ga Satumba jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi Southland, jirgin ruwan da ya ɗauko su Jim daga Masar, kusa da tsibirin Lemnos, Jim ya shafe sa'o'i cikin ruwa kafin a tsamo shi. Bayan 'yan kwanaki ya sauka Gallipoli, fagen daga a Turkiyya.

Mutane da yawa suna ganin Gallipoli sai su rubuta cewa harsashi ne ajalin soja. Dubi dalilin mutuwa tukuna. Taifot ce ta kama shi a ramukan daga, inda ƙuda da ƙarancin ruwa mai tsafta suka addabi kowa. An kai shi jirgin jinya Glenart Castle ranar 25 ga Oktoba 1915, ya cika a ranar, yana da shekara 14 da wata tara. Shi ne mafi ƙuruciya da aka sani cikin mamatan Ostareliya a wannan yaƙi.

Idan naka sojan ɓacewa ya yi, nemi fayilolin Red Cross, inda abokan daga suka faɗi abin da suka gani. Sau da yawa bakinsu ba ya zuwa ɗaya. Jaridun lokacin kuma suna Trove, shafin ɗakin karatu na ƙasar.

Kabari, duba rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila. Na Jim babu, a teku aka saka gawarsa, don haka sunansa za ka nema a bangon tunawa da mamata na Lone Pine da ke Turkiyya.