Darasi na 9: Mu Gina Garin Maƙera a Kan Tebur

Wanda ya taɓa haɗa motar kara yana yaro, wannan aiki ba zai yi masa wuya ba. Za mu gina ɗan ƙaramin garin Shefil na ƙasar Ingila, garin da ya yi suna wajen narka ƙarfe, tare da tiram ɗinsa.

Tiram tarago ne mai bin dogo a tsakiyar titi, yana ɗaukar mutane. A Shefil dawaki ne suka fara jansa a 1873. Lantarki ya karɓa a 1899, aka tsayar da wannan tiram ɗin a 1960. Layin farko ya nufi unguwar Atakilif, inda masana'antun suke, kusa da kogin Don.

Ku tanadi falanki, kwali mai kauri, gam, reza, rula, siririyar waya, fenti da gawayi.

Awo shi ne gaba da komai. Masu wannan sana'a a Ingila suna rage kowane abu sau 76, wato ƙafa ɗaya ta koma milimita 4. Mutum mai tsawon ƙafa 6 zai zama milimita 24 ke nan. Bututun hayaƙi mai ƙafa 100 kuwa, santimita 40. Kada ku yarda da ido a nan. Ido yakan yi ƙarya, sai ka ga ƙofar gida ta fi tarago tsawo. Ku rubuta kowane awo a takarda kafin reza ta taɓa kwali.

Ku fara shimfiɗa dogo, tsakanin ƙarafunsa milimita 16.5. Dogon tiram a binne yake cikin titi, saboda haka ku cike gefe da tsakiya da kwali, amma ku bar ɗan kwari inda ƙafar tarago za ta bi. Ku tura taragon da yatsa. In ya sarƙe, ku gyara tun gam bai bushe ba.

Daga nan sai turaku da wayar sama mai ba tiram lantarki, sai gidajen leburori a jere, bango na jikin bango.

Sabon hannu yakan so fenti mai ƙyalli. A'a. Garin da ya shekara ɗari yana shan hayaƙin kwal, bangonsa baƙi ne. Ku daka gawayi, ku goga da tsumma, musamman bakin bututu da saman rufi.

Aikin gida: shagon da faɗinsa ya kai ƙafa 15, milimita nawa zai ci a kan falankinku?