Yadda za ka samo ƴan'uwanka masu rubuta manhaja a Damagaram

Wani ƙanena da ya fara koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, a kan wata tsohuwar kwamfuta ya ce mini wata rana: "Yaya, ni kaɗai nake wannan abu a garin nan. Komi a Yamai ake yi." Na gane abin da ke damunsa, don ni ma na daɗe ina jin haka. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a cikin mota, kuma galibin tarukan da ake tallatawa can ake yinsu. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Masu wannan aiki suna nan cikin Damagaram, a warwatse suke kawai, kuma yawancinsu ba sa kiran kansu da sunan da kake nemansu da shi. Ga hanyar da na ga tana ɓullewa.

Mataki na farko: gyara tambayarka

In ka shiga gari kana tambayar "ina masu rubuta manhaja?", kallonka za a yi. Tambayi wa ya yi wa kantin magani tsarin lissafin kaya. Wa ke gyara kwamfutocin makarantar kuɗi in takardun sakamako sun ƙi fita? Wa ke shirya wa ƙungiyoyin agaji tambayoyin da ake cikewa a salula da KoboToolbox ko ODK? Wa ya yi wa wani ɗan kasuwa shafin intanet? Mutanen da za a nuna maka su ne kake nema. Wani da Excel kaɗai yake aiki amma ya iya shi fiye da zato, wani WinDev ya koya a lakwal, wani PHP yake taɓawa da dare bayan ya tashi daga aikin ofis. A gari ana ce musu "mai anfarmatik" ne kawai. Kada ka raina kowa don yaren da yake rubutu da shi ba shi ne ake yayi ba. Mutumin da manhajarsa ta shekara biyar tana aiki a wani kanti ya san abubuwan da babu bidiyon da zai koya maka.

Mataki na biyu: binciken salula, na yamma ɗaya

Wannan ba ya buƙatar dogon lokaci. A GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu, rubuta location:Zinder a wurin nema, ka zaɓi sashen mutane, za ka ga waɗanda suka rubuta garin a bayanansu. A LinkedIn ka nemi Zinder tare da kalmar développeur ko informaticien, don da Faransanci yawancinmu ke rubuta sana'armu. A Facebook ka gwada Zinder, ka gwada Damagaram, domin wasu da ɗaya suke amfani wasu da ɗayan. Duba kuma shafin GDG, wato ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google ke mara wa baya, ka ga garuruwan da ke kusa da ke da reshe. Shafin Meetup kuwa kada ka ɓata lokaci a kansa: mai shirya taro biya yake yi a can, mutanenmu kuma a WhatsApp suke. Ko suna biyar ka samu, sun isa. Rubuta su a takarda ka ajiye salular.

Mataki na uku: taka da ƙafarka

Zumunta a ƙafa take, kuma nan ne ainihin aikin yake. Fara da Jami'ar André Salifou, wadda aka kafa a 2010 da sunan Jami'ar Zinder. Ba ofishin shugaba za ka nufa ba. Je wajen da ɗaliban kimiyya da na IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar, ke zama tsakanin darasi da darasi, ka duba wanda ya buɗe kwamfuta da baƙin allo cike da rubutu. Ka lura da allunan sanarwa, ka kuma tambayi lokacin da ɗalibai ke kare aikinsu na ƙarshen karatu. Ranar kariya rana ce mai albarka ga mai nema irinka, domin a nan za ka ga wanda ya gina abu da hannunsa, ka ga malamin da ya duba shi, ka ga abokan da suka taya shi.

Daga nan sai makarantun koyon sana'a masu zaman kansu da ke koyar da anfarmatik, da shagunan buga takardu da fotokofi, da sauran gidajen sibar da suka rage. Kada ka tsallake masu gyaran salula na wajen Kasuwar Dole. Su ne ke sauya wa waya manhaja kullum, duk mai kwamfutar da ta lalace ta wajensu yake bi, saboda haka sun san kowa. Ni mutum biyu daga cikin waɗanda muka fara zama da su, wani mai gyaran salula ne ya haɗa mu.

Yadda za ka yi magana da mutum yana da muhimmanci ƙwarai. Babba ne, ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ka bari ya gama abin da ke gabansa. Sannan ka ce: "Malam, an ce mini ku kuka yi tsarin kantin can. Ina koyon wannan aiki ne, akwai inda na maƙale, ko za ku duba mini in kun samu sarari?" Zo da tambaya guda takamaimai da kwamfutarka a hannu. Kada ka buɗe baki da "ina so ku koya mini komi", kada kuma ka fara da neman aiki. Mai sana'a yana jin daɗin a kawo masa matsala ya warware. Kafin ka tafi sai ka ce: "Akwai wani da kuka sani mai irin wannan aiki?" Kowane mutum ɗaya yakan nuna maka wani.

Mataki na huɗu: ku kafa fada

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Ba mu buƙatar aron tsarin taro daga ko'ina, muna da namu. Matasan garin nan sun daɗe da sanin fada: wuri sananne, lokaci sananne, tabarma, butar shayi a kan gawayi, kowa ya san in ya zo zai tarar da mutane. Abin da ya sa fada ke daɗewa shi ne ba sai an aika gayyata ba. Haka taron masu manhaja ya kamata ya kasance.

In kun kai mutum uku, kun isa. Ku tsai da rana ɗaya da sa'a ɗaya da ba za su riƙa canjawa ba, misali kowace Asabar bayan la'asar zuwa magariba. Kada ku tsaya neman suna, ko tambari, ko shugaba da ma'aji. Na ga zama ya watse tun ba a rubuta layi ɗaya ba saboda gardamar wa zai zama shugaba.

Shayin kansa zai tsara muku zaman, tunda sau uku ake zubawa. A na fari, mutum ɗaya ya nuna abin da ya yi a wannan mako, ko da ƙaramin abu ne, ko da bai gama ba, cikin minti goma sha biyar. A na biyu, a ɗauki matsalar mutum ɗaya a taru a kanta: shi mai matsalar ne zai riƙe kwamfutar yana bugawa, sauran suna faɗa masa da baki. Kada gwani ya karɓe ta ya gyara cikin minti biyu ya miƙa, domin mai ita zai koma gida bai ƙaru da komi ba. A na uku, sai labarai: wa ya ji ana neman mai aiki, wace gasa aka buɗe, wa zai nuna nasa mako mai zuwa. Wannan tambaya ta ƙarshe kada a tashi ba a amsa ta ba.

Da wane harshe? Da Hausa, mana. Kalmomin aikin su zo yadda suka zo, amma bayani a yi shi da harshen da wanda bai yi nisa a lakwal ba zai iya tsayar da kai ya ce bai gane ba. Na lura mutum yakan gane ko ya fahimci abu da gaske ne a ranar da aka ce ya bayyana shi da Hausa.

Mataki na biyar: zaɓen wuri

Fadar bakin titi da dare tana da aibi guda babba: mata ba za su zo ba, iyaye kuma ba za su bar ƴaƴansu ba. Akwai ɗalibai mata da ke wannan karatu kuma suna da ƙoƙari, zaman da ya bar su waje ya yi asara. Saboda haka ku nemi aji a wata makaranta ranar da ba karatu, ko ɗaki a gidan matasa, ko zauren wani dattijo da unguwa ta yarda da shi, kuma a yi da rana. Ku je wa mai wurin da kanku, ku faɗa masa ko ku su wane ne da abin da za ku yi, ku sanar da mai unguwa in a cikin unguwa ne. Ku share wurin in kun tashi. In wata ta ce sai an yi wa mahaifinta bayani, babba a cikinku ya je ya yi.

Mataki na shida: shirin kuran da rezo

Ku shirya zamanku kamar ba za a samu ko ɗaya ba. Kowa ya zo da kwamfutarsa a cike, a samu wayar rarraba wuta guda mai kyau, in wurin yana da faifan hasken rana to madalla. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, gara a koma safiya.

Intanet kuwa, yawancin abin da kuke buƙata ana iya sauke shi sau ɗaya a raba. Littafin bayanin Python ana sauke shi gaba ɗaya, akwai shi ma da Faransanci. DevDocs yana ajiye bayanan yarukan manhaja da dama a cikin kwamfuta. Kiwix yana buɗe Wikipedia ba tare da rezo ba. Ku sayi kile (USB) guda mai girma ta zama ta fada, duk wanda ya samu intanet mai ƙarfi a wurin aikinsa ko a tafiya ya cika ta. Git ma, manhajar da ke adana duk sauye-sauyen da aka yi wa aiki, ba ya buƙatar intanet: kuna iya ajiye ma'ajiyar aikinku a kan kilen, kowa ya tura nasa ya ɗauki na wasu, ranar da rezo ya yi kyau a ɗora a GitHub. In kuna son raba fayil a wurin zama, mutum ɗaya ya kunna wifin salularsa kowa ya hau, mai fayil ɗin ya buga python -m http.server a cikin jakar da abin yake, sauran su buɗe adireshin kwamfutarsa su ɗauka. Ba a kashe ko dala.

Kuɗin shayi da sukari da gawayi, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Kada a hana ɗalibi zama don ba shi da shi.

Mataki na bakwai: ku yi aiki guda tare

Hira kaɗai ba ta riƙe mutane. Bayan wata ɗaya ko biyu, ku zaɓi abu ƙarami da garin zai amfana. Taswirar OpenStreetMap da ke intanet kowa na iya gyara ta: ku ɗauki unguwa guda, Birni ko Zango ko Garin Malam, ku sa sunayen tituna, makarantu, famfuna da wuraren shan magani. Wanda bai iya rubuta manhaja ba ma zai iya wannan, kuma akwai masu wannan aiki a Nijar da za ku iya tuntuɓa. Wikipedia ta Hausa tana buƙatar rubutu a kan Damagaram da tarihin sarautarta, da Mirriya, Magariya, Matamai, Tanut da Gure. Common Voice na Mozilla, shirin tara muryoyi don koya wa kwamfuta gane magana, yana karɓar muryoyin Hausa, kuma ya kamata a ji irin Hausarmu a ciki. Ko ku yi wa makarantar da ta ba ku aji ɗan tsarin rajistar ɗalibai, ladan aron wuri.

Mataki na takwas: miƙa hannu waje

Sai kun tsaya da ƙafafunku sannan wannan zai yi amfani. Wanda ya rubuta wa mutanen Yamai cewa "mu takwas ne, wata huɗu muna zama kowace Asabar, ga abin da muka gina" ana saurarensa fiye da mai cewa "ku zo ku yi mana taro". Ku bibiyi sanarwar ANSI, hukumar da ke kula da harkar fasahar zamani ta ƙasa, da CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni, da GDG ta Yamai. Bukukuwan DevFest, manyan tarukan da ƙungiyoyin GDG ke shiryawa, a ƙarshen shekara ake yinsu. In ana nuna wani kai tsaye, ku haɗa kuɗin intanet ku kalla tare a ajinku. Ranar manhajoji masu ƴanci, waɗanda kowa ke da damar amfani da su ya kuma gyara su, tana faɗowa Asabar ta uku a watan Satumba, dama ce ta gayyatar jama'a karo na farko, sanarwa guda a gidan rediyon gari ta isa.

Kada kuma ku manta da kudu. Kano ba ta fi kilomita 240 daga nan ba, tana da masu manhaja da yawa, kuma Hausa ta haɗa mu. Su da Ingilishi suka yi karatu, mu da Faransanci, don haka kowa yana da abin da ɗayan bai gani ba. Masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, irin su Masakhane da HausaNLP, ta intanet suke haɗuwa, ba sai ka yi tafiya ba. In ɗayanku zai je wani taro, a taya shi kuɗin mota, da sharaɗin ya dawo ya ba da labari a shayi na fari.

Ranar da mutum biyu kaɗai suka zo

Za ta zo, yawanci a mako na huɗu ko na biyar, ko lokacin jarrabawa, ko da damina in an tafi gona. Ku zauna ku biyun, ku dafa shayin, ku yi aikin, ku ɗauki hoton allon kwamfutar ku tura a rukunin WhatsApp da layi biyu na abin da kuka koya. Rukunin kuma a tsare shi: ba tallar kaya, ba siyasa, ba saƙon "tura wa mutum goma". Da azumi a mayar da zaman safiya ko a gajarta shi, amma kada a ɗage. Mabuɗin aji da kilen fada kuma kada su zauna hannun mutum ɗaya, domin masu wannan sana'a aiki yakan ɗauke su zuwa Yamai ko Maraɗi ba zato. Tun wata na biyu ka sa wani ƙaninku ya riƙa buɗe ƙofa da jagorantar zama mako bayan mako, kai kuma ka zauna a gefe da butar shayi.