Yadda Ake Shawo Kan Fargabar Jarrabawa

Duk shekara idan zafin bazara ya kankama a Katsina, lokacin ne ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ke shiga jerin jarrabawa, su fara da JAMB, su shiga WAEC, sannan NECO ta biyo baya da damina. Da yawansu sun yi karatu daidai gwargwado, amma da zarar sun zauna sai gaba ya riƙa faɗuwa, tafin hannu ya jiƙe, abin da aka haddace jiya ya ɓace ɓat. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin kamar yadda yake yi idan mutum ya hango haɗari, kuma a ganina ba abin da ke tayar da shi kamar baƙon abu. Saboda haka aikin ɗalibi shi ne ya saba da jarrabawar tun ranarta ba ta zo ba.

Matakin farko shi ne ka san siffar jarrabawar da lissafin lokacinta. A JAMB tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka ajiye agogo a gabanka, ka amsa su a zama ɗaya ba tare da leƙa littafi ba, aƙalla sau ɗaya a mako. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta wannan jarrabawa, don haka yaron da ya taso a ƙauyukan Mai'aduwa ko Sandamu bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya kamata ya shigo Daura ya yi ko da awa biyu ne a shagon intanet, ya koyi cewa harafin N ke kai shi tambaya ta gaba, P kuma ya dawo da shi baya.

Mataki na biyu ya shafi salon karatu. Maimaita shafi sau goma yana sa mutum ya zaci ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba da rubutun. Ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe.

Na uku shi ne barci, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗalibi zai tauna goro, ya kora da Nescafé a teburin mai shayi, ya kwana yana karatu, sai ya wayi gari zuciyarsa na bugawa tun bai ga takardar tambaya ba, domin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yana ɗaukar awanni bai bar jiki ba, kuma shi kansa yana ƙara bugun zuciya. Matashi na buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Ƙwayoyi irin su tiramadol kuwa, kada ma a kusance su.

Na huɗu, ka je ka ga cibiyar da aka tura ka kafin ranar, ka san kuɗin Keke Napep da tsawon tafiyar, ka ajiye silif ɗinka, wato takardar shiga jarrabawa, inda hannu zai kai. Da safe ka sha koko da ƙosai ko abin da cikinka ya saba da shi, ka sha ruwa, ka isa da wuri saboda layin tantance yatsa. Ka nisanci masu tsayawa a bakin ƙofa suna yi wa juna tambayoyi.

Na biyar, idan ka zauna ka ji kanka ya kulle, kada ka yi kokawa da tambayar. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, sau biyar, domin tsawaita fitar numfashi na sassauta bugun zuciya. Ka karanta addu'ar Annabi Musa, Alaihis Salam, ta neman buɗewar ƙirji, sannan ka tsallake zuwa tambayar da ka sani, ka dawo wa mai wuyar daga baya.

Idan kuwa fargabar ta kai ga hana ɗalibi cin abinci ko barci na makonni, ko tana sa shi sheshshekar numfashi da karkarwa, to iyaye su daina ce masa raki ne, su kai shi asibiti ya ga likita.