Yadda Sojan Amurka Zai Yi Karatun Jami'a da Tallafin Gwamnati Yana Bakin Aiki

Duk wanda ya sa kakin sojan Amurka yana da manyan hanyoyi biyu na biyan kuɗin karatun gaba da sakandare, kuma yawancin asarar da ake tafkawa tana faruwa ne saboda an gwama su. Ta farko ita ce tallafin kuɗin makaranta da ake taƙaitawa da TA, wanda rundunar da soja yake ciki take biya kai tsaye ga makaranta matuƙar yana bakin aiki. Ta biyu ita ce GI Bill, wadda ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji take gudanarwa, wadda kuma asalinta ya koma ga dokar da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a watan Yuni na 1944 domin mayaƙan Yaƙin Duniya na Biyu. TA yana ƙarewa ranar da soja ya tuɓe kaki, kuma abin da bai ci ba a bana ba ya tsallakawa zuwa baɗi, alhali GI Bill tana jira har bayan barin aiki. Saboda haka shawarata ita ce soja ya ci gajiyar TA gwargwadon ikonsa tun yana cikin aiki, ya adana watanni 36 na GI Bill domin digiri na biyu, ko karatu mai tsada, ko kuma 'ya'yansa.

Sai a fara da lissafi, domin shi ne zai nuna saurin da tafiyar za ta yi. Ma'aikatar Tsaro ta ƙayyade cewa TA ba zai wuce dala 250 a kan kowane kiredit (ma'aunin nauyin darasi a jami'a) na zangon karatu ba, kuma jimillarsa ba za ta wuce dala 4,500 a shekarar kasafi ba, wadda take farawa ranar 1 ga Oktoba ta ƙare ranar 30 ga Satumba. Kowace runduna tana da ikon sa nata sharuɗɗan a ƙarƙashin wannan iyaka, kamar yawan lokacin da mutum zai yi a aiki kafin ya cancanta. Kwas guda na jami'a yawanci kiredit 3 ne, wato dala 750, don haka kuɗin shekara guda zai ɗauki kwasa-kwasai 6, kiredit 18 ke nan. Digirin farko kuwa yana buƙatar kimanin kiredit 120. Wanda ya dogara ga TA shi kaɗai zai shafe fiye da shekara shida kafin ya kammala, ga shi kuma kwantiragin farko na yawancin ƙananan sojoji bai kai haka ba. Wannan ne ya sa matakai biyu masu zuwa suka fi cika takardar neman kuɗi muhimmanci, ko da yake su ne aka fi tsallakewa.

Kafin a tuntuɓi kowace makaranta, soja ya je ofishin ilimi na barikinsu ya zauna da jami'in ba da shawara, ya kuma nemi takardar bayanin horon da ya samu a aikin soja. Sojojin ƙasa da na ruwa da rundunar Marin da masu tsaron gaɓar teku suna karɓar tasu ta hanyar JST, wato takardar bayanin horo ta haɗin gwiwar rundunoni, su kuwa sojojin sama suna da kwalejinsu, Community College of the Air Force, wadda aka kafa a 1972, take kuma ba da shaidar karatun shekara biyu. Majalisar ilimi ta Amurka, wato ACE, ita ce take tantance horon soja ta ba da shawarar yawan kiredit ɗin da ya dace da shi, tun daga horon kurata har zuwa kwas ɗin da ake yi wa saje kan jagoranci. Amma a lura, shawara ce kawai, makaranta ce take da ta cewa. Ma'aikacin jinya na soja zai iya ganin kiredit masu yawa a takardarsa, ya yi murna, sannan wata jami'a ta karɓe su duka ta zuba su a rukunin darussan zaɓi, inda ba su rage masa ko kwas guda daga cikin na dole ba. Tambayar da ta dace a yi wa makaranta ita ce kiredit nawa ne za su shiga cikin wannan digirin da nake nema, kuma a nemi amsar a rubuce.

Mataki na gaba shi ne jarrabawar tsallake darasi. Hukumar DANTES, wadda aka kafa a 1974 domin kula da karatun sa-kai na sojoji, tana biya wa soja kuɗin zaman farko na jarrabawar CLEP da ta DSST. CLEP tana da jarrabawa fiye da 30, a fannoni irin su lissafi, tarihin Amurka, tattalin arziki, Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci, kuma yawancinsu minti 90 ne. Maki 50 shi ne wanda ACE take ba da shawarar a karɓa, ko da yake wasu makarantu suna neman fiye da haka. Wanda ya yi bitar 'yan makonni ya ci jarrabawa guda ya samu kiredit ɗin da zai ci masa dala 750 da zango guda na karatu, ba tare da ya taɓa ko sisi daga TA ɗinsa ba. Idan ya faɗi, shi zai biya kuɗin maimaitawa, shi ya sa bai kamata a shiga da ka ba.

Zaɓen makaranta ne wurin da na fi son a tsaya a natsu. Ba a biyan TA sai ga makarantar da ta samu amincewar wata hukumar tantancewa da Ma'aikatar Ilimi ta yarda da ita, wadda kuma ta sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna da Ma'aikatar Tsaro. An ƙara tsaurara waɗannan ƙa'idoji bayan umarnin da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Afrilu na 2012, sakamakon yadda wasu makarantun kasuwa suka riƙa farautar sojoji da tsofaffin sojoji da alkawuran da ba su cikawa. Dalilin farautar a bayyane yake: doka ta hana irin waɗannan makarantu samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na tarayya, amma a lokacin ba a lissafa TA da GI Bill cikin wannan kaso, sai soja ya zama tamkar kadara a wurinsu. Sai a 2021 majalisa ta toshe wannan kafa. Rugujewar Corinthian Colleges a 2015 da ta ITT Tech a 2016 ta bar dubban ɗalibai da kiredit ɗin da makarantu da yawa suka ƙi karɓa. Don haka makarantar da take damun mutum da kiran waya, tana matsa masa ya yi rajista yau-yau, abar gudu ce. Shafin TA DECIDE na Ma'aikatar Tsaro yana ba da damar kwatanta makarantu ta fuskar kuɗi da amincewar da suka samu. Da yawa daga cikin jami'o'in gwamnati da kwalejojin al'umma suna daidaita kuɗinsu a kan dala 250 ga sojoji, kuma akwai masu dogon tarihi a wannan aiki, kamar Jami'ar Maryland da ta fara tura malamai su koyar da sojojin Amurka a Turai tun 1949. Tunda soja ba shi da tabbacin inda za a tura shi baɗi, ya tabbatar cewa zai iya ƙarasa digirin ta intanet idan canjin wurin aiki ya zo.

Bayan samun gurbi, makaranta za ta ba da jadawalin digiri mai nuna kowane kwas da ya rage, kuma TA ba ya biyan kwas ɗin da ba ya cikin wannan jadawali. Daga nan sai a shigar da buƙata a shafin runduna: ArmyIgnitED ga sojojin ƙasa, AFVEC ga sojojin sama, MyNavy Education ga sojojin ruwa. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce dole a samu amincewa kafin ranar fara darasi. Sojojin ƙasa suna iya nema daga kwana 60 zuwa kwana 7 kafin a fara, sojojin sama daga kwana 45 zuwa 7. Wanda ya shiga aji da zaton takarda za ta biyo baya, shi makaranta za ta bi bashi. Kuma kuɗin koyarwa kawai ake biya, ban da littattafai da sauran kuɗaɗen makaranta. Domin cike wannan giɓi, soja ya cika fom ɗin neman tallafin karatu na tarayya, wato FAFSA, kowace shekara, domin ƙaramin soja mai iyali yakan cancanci tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, kuma mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025.

Akwai sharaɗin sakamako. A matakin digirin farko dole a samu aƙalla C, a digiri na biyu kuma aƙalla B, in ba haka ba za a cire kuɗin kwas ɗin daga albashi. Haka ma wanda ya janye daga darasi don ra'ayin kansa bayan wa'adin janyewa ya wuce. A ɗauki misalin kofur ɗin da ya yi rajistar kwasa-kwasai biyu na mako takwas, yana karatu da dare a ɗakinsa na bariki bayan an tashi daga aiki, sai a mako na uku aka sanar da atisayen daji na kwana ashirin inda babu intanet. Idan ya yi shiru ya tafi, zai dawo ya tarar da faɗuwa biyu da bashin dala 1,500. Idan kuwa a ranar da ya ji labarin ya rubuta wa malamansa, ya sanar da ofishin ilimi, ya kuma karɓi takardar kwamandansa mai tabbatar da cewa aikin soja ne ya tilasta masa, to zai iya samun ƙarin lokaci ko a yafe masa biyan kuɗin. Shi ya sa nake ganin kwas guda ya isa a zangon farko, har mutum ya gane nauyin da jadawalin aikinsa zai iya ɗauka. Hafsoshi kuma su sani cewa karɓar TA yana ɗora musu ƙarin shekara biyu na aiki daga ranar da suka kammala kwas na ƙarshe.

Idan kuɗin makaranta ya haura dala 250 a kan kiredit, akwai tsarin Top-Up da yake cike ragowar daga GI Bill. Yana da amfani a wasu lokuta, sai dai yana rage watannin da aka tara, kuma sojan da ke bakin aiki ba ya samun alawus ɗin gida na GI Bill ɗin da aka kafa bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda shi ne babban kaso na amfaninta ga wanda ya bar aiki. Wannan sabon tsarin GI Bill ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2009, kuma wanda ya yi wata 36 yana aiki yana samun cikakken kaso. Tun bayan dokar 2017, waɗanda suka bar aiki daga 1 ga Janairu, 2013 ba su da wa'adin amfani da shi, saboda haka babu abin gaggawa.

Mai son miƙa wannan haƙƙi na GI Bill ga matarsa, ko mijinta, ko 'ya'ya, dole ya cika shekara 6 a aiki, ya kuma amince da ƙarin shekara 4, sannan 'ya'ya ba za su fara amfani da shi ba sai ya cika shekara 10. Ana shigar da buƙatar ne tun ana cikin kaki, domin bayan sallama ƙofar ta rufe. Masu ba da shawara a ofisoshin ilimi sukan ce a sa wa kowane yaro ko da wata guda ne tun yanzu, saboda ana iya sauya rabon watannin daga baya tsakanin waɗanda aka riga aka rubuta sunayensu, amma yaron da ba a sa sunansa ba kafin ranar barin aiki ba a iya ƙara shi.